Albashin mutum 63 a fayil ɗaya: yadda muka koma biya ta banki

Shekara shida ina riƙe da littafin kuɗi a kamfanin casar shinkafa na kawuna da ke bakin hanyar Dutsin-ma, kuma duk tsawon shekarun nan hanyar biyan albashinmu ɗaya ce. Ranar 28 ga wata in ɗauki caki mu tafi banki da direba, mu ciko jaka, mu dawo in kulle ofis in ƙirga in zuba a ambulan, kowa ya shigo ya sa hannu ko ya dangwala yatsa ya karɓi nasa. Mutum 63 ne, da masu injin da 'yan dako da direbobi da masu gadi da matan da ke tsince tsakuwa. Babu wanda ya taɓa kawo maganar sauya wannan tsari sai da Babban Banki ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, ya kuma ƙayyade cewa daga 9 ga Janairun 2023 kamfani ba zai ciri fiye da miliyan 5 a mako ba. Wannan a takarda ke nan. A zahiri ko dubu ɗari ba ka samu a kanta, kowa ya san abin da aka gani a lokacin.

Albashin Janairu da wayar Kawu muka biya shi, ɗaya bayan ɗaya, daga asusunsa na kansa. Ina karanto lamba yana dannawa, sabis na ɗaukewa, iyakar kuɗin da zai iya turawa a yini tana cika mu jira gobe. Kwana huɗu muka yi a kai, kuma a ciki muka tura wa mutum ɗaya sau biyu saboda na farkon ya nuna bai tafi ba alhali ya tafi. Allah ya sa mai tsoron Allah ne, shi ya dawo da shi da kansa. A daren kwana na huɗu Kawu ya aje wayar ya ce, “Kai yaro, manyan kamfanoni haka suke yi? Gobe ka je ka tambayo.”

Na isa bankinmu da ke kan titin IBB bayan sallar asuba da ɗan jimawa, na tarar an riga an rubuta lamba har ta wuce ɗari biyu. Kuskurena na farko ke nan, na bi layin masu neman tsabar kuɗi har kusan azahar, alhali abin da ya kawo ni ba shi da alaƙa da kanta. Sai da wani mai gadi ya tambaye ni, na ce asusun kamfani ne, ya ce ai da na kira jami'ar da ke kula da asusunmu da tuni ta fito ta shigar da ni. Ban ma san muna da wata jami'a ba. Duk asusun kamfani akwai wanda aka ɗora wa kula da shi, ka nemi sunansa da lambarsa tun kafin ka bar gida. Da na samu shiga, ta saurare ni ta ce, “Malam, abin da kuke nema shi ne a buɗe muku bankin intanet na kamfanoni, wanda ake ɗora jerin sunaye a biya su gaba ɗaya.” Ta miƙo min fom mai shafi shida da wata 'yar takarda mai jerin abubuwan da zan kawo: takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, takardar da ke nuna daraktoci da masu hannun jari na yanzu, lambar haraji ta TIN, katin shaida da BVN da hoton fasfo na duk wanda zai taɓa tsarin, sai kuma takardar matsayar daraktoci a kan takarda mai tambarin kamfani, wadda za ta fayyace wa zai shigar da biya, wa zai amince, kuma har nawa.

A wannan takarda ta ƙarshe na fi tsayawa, kuma ita ce gindin komai, ko da yake ban gane haka ba a ranar. Tsarin yana raba aiki biyu. Akwai mai shigarwa, wanda ke shirya fayil ya ɗora, amma ko kwabo ba zai iya fitarwa ba. Akwai mai amincewa, wanda ke duba abin da aka ɗora ya sake shi, amma ba ya iya sauya lamba ko ɗaya a ciki. Ni ne na farko, Kawu ne na biyu. Sai dai tun lokacin da aka buɗe asusun an rubuta cewa duk fitar kuɗi sai da hannun mutum biyu, Kawu da ƙaninsa da ke zaune a Daura, kuma banki ba ya karɓar matsayar da ta saɓa wa abin da ke cikin kundinsa sai su biyun sun sa hannu a kan sauyin. Na aika takardar ta hannun direban tasha, ta dawo da sa hannu, na kai, jami'ar ta buɗo kwamfuta ta juyo min da ita. Hannun da Kawu na Daura ya sa shekara tara da suka wuce mai dogon jela ne, wanda ya sa yanzu kuwa guntun zane ne kawai. Ta ce ko dai ya sa irin na da, ko ya zo da kansa a sabunta. Washegari na hau mota ta Mashi na tafi Daura, na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, ya yi ta gwaji a bayan ambulan yana dariya yana cewa hannun ƙuruciya ya tafi da ƙuruciya. Daga ƙarshe sai da muka je reshen bankin na can tare ya sa hannu a gaban jami'insu. Zuwa da kai ya fi saƙo, kwana uku na ɓata kafin in yarda da haka.

Bayan an karɓi takardu sai jira, domin ba a Katsina ake buɗewa ba, hedikwatarsu ta Legas ake turawa. An ce kwana uku, ya zama kwana tara, kuma sau ɗaya aka dawo da su saboda sunana a BVN ya zo da sunan kakana a ƙarshe, a katin ɗan ƙasa kuma sunan mahaifina ne. Ranar da saƙon ya shigo imel, muka je muka karɓi tokin guda biyu, wata 'yar na'ura kamar abin maƙala makulli, in ka danna ta fito da lamba shida da ke mutuwa cikin ɗan lokaci kaɗan. An cire mana naira 2,500 a kan kowace, wanda a lokacin shi ne iyakar da Babban Banki ya yarda a caja. A nan ne Kawu ya miƙo min tasa ya ce, “Riƙe duka, ni ban iya wannan tarkacen ba, ai na yarda da kai.” Har na miƙa hannu, jami'ar ta ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, in ka ba shi ka cuce shi. Ranar da aka samu kuskure ko wani ya sace masa waya, babu mai shaidarsa, kuma banki zai ce kai ka amince.” Kawu ya yi shiru, ya mayar da ita aljihu. Na sha tuna wannan magana daga baya.

Yayin da ake jiran Legas na fara tattara lambobin asusun ma'aikata, kuma wannan aikin ya fi na banki cin rai. Na ce kowa ya rubuto, sai ga takardu kala-kala, wani a bayan kwalin sigari, wani lamba tara, wani ya rubuto lambobi 16 na jikin katin ATM, wani kuma BVN ɗinsa mai lamba 11. Lambar asusu a Najeriya goma ce cif, ita ake kira NUBAN, tara na farko su ne lambar mutum, ta goman kuma lissafo ta ake yi daga sauran haɗe da lambar bankin, shi ya sa in ka kuskure lamba ɗaya yawanci na'ura za ta ƙi ta. Yawanci na ce, ba kullum ba. Masu OPay da PalmPay nasu lambar waya ce da aka cire wa sifilin farko. Mutum goma sha ɗaya ba su da asusu sam, sai suka kawo na mata, na wa, na maƙwabci, har wani ya kawo na mai POS ɗin bakin ƙofarmu. Na ƙi na mai POS, sauran kuma na sa kowa ya dangwala a takarda cewa shi ya zaɓi a biya shi ta asusun wane, kafin ya buɗe nasa. Banki lamba yake biya, ba ya biyan suna, in kuɗi ya faɗa wa wani ta lambar da kai ka rubuta, dawo da shi sai da roƙo ko kotu.

Bankin ya ba mu samfurin fayil na manhajar lissafi ta Excel, ya ce a cika a adana shi a tsarin CSV, wato fayil na rubutu zalla da waƙafi ke raba gurabensa. Kowane banki da nasa samfurin, kada ka ari na abokinka ko da kun ga sun yi kama. Namu gurbi shida ne a jere: lambar asusu, lambar banki, suna, kuɗi, bayanin biya, sai wata lambar shaida da kai za ka ƙirƙira wa kowane layi, wadda ba za ta maimaitu ba. Na cika layi 63 cikin awa ɗaya, ina jin kaina gwani. Na ɗora, shafin ya yi ja tun daga sama har ƙasa, layi 40 da wani abu an ƙi su. Saƙon kuskuren kuma Turanci ne guntu wanda bai gaya maka komai ba sai cewa layin bai inganta ba.

Dare biyu na kwana a kai, kuma duk laifin nawa ne na rashin sani. Na farko sifili. Asusu da yawa da sifili suke farawa, lambobin bankuna ma haka, First Bank 011 ne, UBA 033, Access 044, Zenith 057. Manhajar lissafi tana ɗaukar abin da ka rubuta a matsayin adadi, adadi kuma ba ya farawa da sifili, sai ta share shi shiru, 011 ya koma 11, lamba goma ta koma tara ko takwas. Maganinsa shi ne tun kafin ka rubuta komai ka mayar da gurbin na rubutu ba na lissafi ba. Na yi haka, na adana, sai na sake buɗe fayil ɗin CSV don in duba, na danna adanawa, sifilan suka sake tafiya. Wani yaro mai shagon kwamfuta a wajen Ƙofar Ƙaura ne ya nuna min cewa in kana son ganin gaskiyar abin da ke cikin CSV, da Notepad, 'yar manhajar rubutu ta kwamfuta, za ka buɗe shi, nan za ka ga layukan tsirara yadda banki zai gan su. Na biyu waƙafi. A CSV waƙafi shi ne katangar da ke raba gurbi da gurbi, don haka in ka rubuta 45,000 da waƙafi a tsakiya kana iya raba kuɗin gida biyu, 45 a gurbin kuɗi, sauran su faɗa gurbin bayani. Ana rubuta 45000 ne kawai, ba alamar naira, ba tazara. Ka yi tunanin da na'urar ba ta ƙi ba, da mutum ya ga alat na naira 45.

Na uku shi ne wanda ya ɗan sosa min rai. Ni mutum ne mai son rubuta Hausa daidai, allon rubutuna ma yana da ƙ da ɗ da ɓ. Sunaye irin su Ɗahiru da Ɗanladi na rubuta su da lanƙwasarsu, irin su Sa'adu da Rabi'u da Mu'azu kuma da ɗan waƙafinsu na sama. Duk an ƙi su. A Notepad na ga haruffan masu lanƙwasa sun koma alamar tambaya. Dole na bi su ɗaya bayan ɗaya na miƙar da lanƙwasar, na cire waƙafin sama, ina yi ina jin kamar ina aske wa mutane suna. Amma haka suke a rajistar bankunan tun asali, kuma fayil ɗin ba wurin gyara wannan ba ne. Na huɗu, lambobin banki iri biyu ne. Akwai tsofaffi masu lamba uku da na ambata, akwai kuma masu lamba shida na tsarin tura kuɗi nan take, inda First Bank yake 000016, UBA kuma 000004. Ni na gauraya su, na ɗebo wasu daga wani jeri da na gani a intanet. Ka tambayi bankinka wane iri samfurinsa ke so, ka karɓi jerin daga hannunsu.

Kafin ka ɗora kuma sai ka zaɓi hanyar da kuɗin zai bi. Yawancin kuɗin da zai tsallaka daga banki zuwa wani ta kamfanin NIBSS yake ratsawa, wanda Babban Banki da sauran bankuna suka mallaka. Zaɓin tsakanin tsari biyu ne, NIP da NEFT. NIP shi ne na nan take, irin wanda muka saba da shi a waya, yana aiki dare da rana har Asabar da Lahadi, kuma yana fara tambayo sunan mai asusu kafin ya tura. NEFT kuma tara biya ake yi a wuce da su rukuni-rukuni a ranakun aiki, in ka makara ranar Juma'a sai Litinin. Na zaɓi NIP saboda wannan tambayo sunan. Da fayil ɗin ya shiga lafiya, shafin ya jero sunan da na rubuta a gefe, sunan da banki ya dawo da shi a ɗaya gefen. Na bi su da yatsa layi-layi, a layi na 38 na tarar da sunan wata mata da ban taɓa ji ba a gaban sunan wani ɗan dako. Ya juya lambobi biyu wajen kwafa, kuma aka yi rashin sa'a lambar da ta fito ta wani ce mai rai.

Ranar Litinin 27 ga Fabrairu, bayan zaɓen shugaban ƙasa da kwana biyu, na ɗora na gaske. Sabis ya yi nauyi, shafin ya tsaya yana ta juyi, na ƙosa na sake dannawa. Na buga takardar jerin na kai wa Kawu da kwamfutar, na ce jimilla kaza ce, mutum 63. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon allon, ya ce, “To me ya sa nake ganin biyu?” Na leƙa, gabana ya faɗi. Fayil ɗin ya hau sau biyu, ga su nan a jere suna jiran amincewa, kuma a farkon shirina na manta ban cika gurbin lambar shaidar nan da ke hana maimaici ba. Da tokin ɗinsa na hannuna, da sauri da gajiyar da nake ciki, ban san abin da zan danna ba. Ya soke ɗaya, ya danna tokin ya karanto lamba shida da ƙarfi kamar mai ba da sanarwa, ya saki ɗayan. Ba a yi minti biyar ba muka fara jin wayoyi suna ƙara a tsakar kamfani.

Ba duka suka tafi ba. Rahoton da na sauke ya nuna 55 sun shiga, biyar sun dawo, uku suna rataye. Cikin biyar ɗin, biyu asusun ya yi barci saboda an daɗe ba a taɓa shi ba. Uku direbobi ne masu ƙaramin asusu na matakin farko, irin wanda ake buɗewa ba tare da cikakkun takardu ba, wanda ba ya karɓar fiye da dubu 50 a shiga ɗaya kuma ba ya riƙe fiye da dubu 300, albashinsu kuwa ya haura hamsin. Sai da suka je aka ɗaga musu matakin. Ukun da ke rataye su ne jarrabawa, domin masu su suna tsaye a ƙofar ofis suna cewa ba su ga alat ba, kai kuma an cire maka. Darasin Janairu ya hana ni sake turawa. Na aika wa jami'ar lambar kowace tiransifa, doguwa mai lamba 30, domin da ita ake bin sawu. Washegari ɗaya ya yi ribas ya dawo asusunmu, biyu kuma ashe sun shiga tun jiya, saƙon ne bai zo ba. Tun daga nan duk wanda ya ce bai ga alat ba sai in ce ya fara duba abin da ke cikin asusunsa tukuna.

Kuɗin aikin bai kai yadda na ji tsoro ba. A lokacin ana cajin naira 10 a kan abin da bai wuce dubu biyar ba, 25 har zuwa dubu hamsin, 50 a kan abin da ya haura, sai harajin VAT na kashi 7.5 a kai, wato 25 ɗin ya koma 26.88, 50 ɗin kuma 53.75. Duk albashin ya ci mana naira dubu biyu da 'yan kai, ko man motar zuwa banki bai kai ba. Amma ka bar rarar wannan a asusu, domin in kuɗinka daidai jimillar albashi ne, layukan ƙarshe za su faɗi. Waɗanda suka ji jiki su ne ma'aikata. An cire wa kowa naira 50 na harajin gwamnati a kan duk kuɗin da ya kai dubu goma, sannan mai POS ya yanki nasa, kuma a watan nan yankan ba na wasa ba ne. Kawu ya ce a ƙara wa kowa wani abu a albashin Maris, wanda ya zo daidai da farkon azumi.

Daga baya muka shigar da dillalan da ke kawo mana shanshera cikin tsarin, a nan kuɗin ya fi girma, sai da Kawu ya sa hannu a wata takardar ɗaukar alhaki kafin a ɗaga mana iyaka sama da miliyan 10. Da su muka kafa doka ɗaya da ba ma karyawa: duk wanda ya turo saƙo cewa ya sauya asusu, sai an kira shi a tsohuwar lambarsa an ji muryarsa, sannan a fara tura masa naira dubu ɗaya ya tabbatar. Sabon ma'aikaci ma haka, gwaji da ƙaramin kuɗi kafin ranar albashi. Ina ajiye uwar jerin a wuri ɗaya da ba mai taɓawa, kowane wata in kwafo in sauya kuɗi da lambar shaida, in shirya ranar 25 ba ranar 28 ba, kuma ba na ɗorawa da yammacin Juma'a. Kawu har yau abu biyu yake dubawa kafin ya danna, yawan mutane da jimilla, sai ya zaɓi sunaye uku ko huɗu ya tambaye ni me ya sa na wane ya ƙaru.

Tokin ɗinsa yana cikin aljihun gaba tare da carbi. Kwalin ambulan ɗin da ya rage tun Disambar 2022 yana nan a kan kabad. Babban mai gadinmu, wanda ya girmi Kawu, ya buɗe asusu kamar kowa, amma ya ce shi kuɗin da bai dangwala a kansa ba bai karɓe shi ba. Duk ƙarshen wata ina buga masa 'yar takarda shi kaɗai, ya shigo ya cire takalmi, in buɗe masa tawada.